Lanƙwasa Biyu

A gidan Yayata ba a jin Turanci, auna shi ake yi. Ka shigo da kalmarka cikin farin ciki, kafin ka kai ƙarshenta fensirinta ya sauka a kan tebur, ƙwas, daidai kan gaɓar da ya kamata ka danna, wadda kai kuma ka tsallake. Ba za ta ce maka ka yi kuskure ba. Sake buga fensirin kawai za ta yi tana kallonka ta saman tabarau, har sai ka yi da-na-sanin buɗe baki. A hannunta na tashi tun bayan rasuwar mahaifiyarmu, don haka babu wanda ya sha wannan fensiri kamar ni. Da na girma kuma, maimakon in gudu, sai na bi sawunta. Yanzu kwaleji ɗaya muke koyarwa, darasi ɗaya: yadda ake rubuta sautukan Turanci da alamomin furuci, yadda ake yanka kalma gaɓa-gaɓa, da inda ake ɗora ɗan tsinken nan da ke nuna gaɓar da ake dannawa.

Doka ɗaya take kafa wa kowane sabon aji tun ranar farko. "Ku rubuta abin da kunnenku ya ji," in ji ta, "ba abin da kuka san ya kamata a faɗa ba." Ɗalibin da ya ji mutum ya haɗiye harafi amma ya rubuta masa shi don kara, to ranar sai ya gwammace bai zo ba.

Babban abin alfaharinta a duniya mijinta ne, ya fi mata takardun digirinta. Shi ke karanta labaran Turanci a gidan rediyo, safe da yamma, har mutanen gari sun manta sunansa, Mai Murya kawai suke ce masa. Ajinta na manya ya shigo yana saurayi, lokacin yana ƙaramin ma'aikaci a gidan rediyon. In ya zo faɗin strike a wancan lokacin sai ya cusa wasali tsakanin kowane baƙi da ɗan'uwansa, ya ce sitiraik, kamar yadda duk mutanen wajenmu suke yi, don harshenmu na gida ba ya son baƙaƙe su yi cunkoso. Gaɓoɓinsa kuma duk ƙarfinsu ɗaya, kamar mai buga ƙusa. Yaya ta zauna masa. Ta zare wasulan nan ɗaya bayan ɗaya, ta koya masa inda zai danna da inda zai saki, da ta gama kuma sai ta aure shi. Nakan tsokane shi in ce tsoro ne ya sa ya amsa, don ya ga fensiri a hannunta. Yakan ce, "Auta, ke dai Allah ya haɗa ki da miji kurma, shi ne kawai zai iya da ke."

Tun daga nan suka kafa wani tsari da ba su taɓa karyawa ba. Da rana zai turo mata kalmomin da suka yi masa tsauri a labaran ranar, sunayen ƙasashe da na magunguna da makamantansu. Ita kuma ta rubuta su da alamomi, ta yanka su, ta ɗora musu tsinke, ta ɗauki hoto ta mayar masa. Washegari labaran nan su za mu kunna wa ɗalibai su rubuta. A bara ne ta daina wannan na ƙarshen. Ta koma ɗauko tsofaffin da ta adana, ta ce sababbin na'urorin gidan rediyon suna wata ƙara da ke ɓata wa yara kunne. Ban kawo komai a raina ba, ni da ma sauƙi na samu, don na san amsoshin tsofaffin a ka.

Wata ranar aiki ta shigo ofishinmu ta rufe ƙofa, abin da ba ta saba yi ba. Ta ajiye jaka ba ta zauna ba.

"Manajansu ya dakatar da Malam daga labaran yamma," ta ce. Malam take kiran mijinta, shi kuma ya ce mata Malama.

"Me ya yi?"

"Wai masu sauraro suna bugo waya. Wasu su ce mura yake yi, wasu su ce..." Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi. "Wai kamar ya sha wani abu. Malam fa! Mutumin da ko shayi ya cika kauri sai ya ƙara ruwa. Sun ce sai ya kawo takardar likita cewa lafiyarsa ƙalau kafin su mayar da shi."

"To ya je asibitin mana, Yaya."

"Zai je, amma ba da wannan bakin ba. Na san abin da ke faruwa. Tsohon lafazinsa ne ke dawowa. Mutum in ya fara manyanta ya saki jiki, sai harshen gida ya taso masa. Na gyara shi sau ɗaya, zan sake gyara shi."

Ta miƙo mini 'yar ma'ajiyar sauti da ta karɓo daga gidan rediyon, labaran makonnin baya ne a ciki, na safe da na yamma. Ta ce in rubuta mata su tsaf don ta san inda za ta kama. Na ce me zai hana ta yi da kanta, ita da kunnenta ya fi nawa. Ta ce in ta saurara ranta ɓaci yake yi.

Ɗakin sauraro yana can ƙarshen baranda, dogayen tebura ne da aka raba da katako gurbi-gurbi, kowane gurbi da hedfon ɗinsa na sawa a kunne. Kullum warin tsohuwar roba yake yi. Allon alamomin yana manne a bango, ya koɗe don tsufa. Bayan ɗalibai sun watse na zauna a gurbin da na fi so, kusa da taga, na kunna na safe.

Na safe babu abin cewa. Muryar nan ce da na tashi da ita a kunne, mai zurfi, mai natsuwa. Government ta fito da tsinkenta a gaban gaɓar farko, sauran gaɓoɓin suka kwanta a bayanta yadda ake so. Na rubuta shafi guda ban tsaya ba, har na fara jin haushin manajan nan da masu bugo wayarsa.

Sai na kunna na yamma. Kanun labarai lafiya lau. Da aka yi nisa kaɗan sai na ji hannuna yana jinkiri, na rasa inda zan ɗora tsinken. Development ta fito gaɓa huɗu a jere, babu babba babu ƙarama. Na ce to, Yaya ta yi gaskiya, ƙusar nan ce ta dawo. Ina cikin haka aka zo labarin yajin aiki, na gyara zama ina jiran in ji sitiraik, har na fara murmushin yadda zan tsokane shi da ita.

Bai ƙara komai ba. Zubarwa ya yi. Baƙaƙe uku ne a bakin kalmar, na tsakiyan ya ɓace gaba ɗaya, na ukun ma da ƙyar ya leƙo. Na mayar baya na sake ji, na kuma sake. Mutumin wajenmu ba ya zubar da baƙi. Wasali yake ƙarawa don kowane baƙi ya sami wurin zama, ko da kalmar za ta yi tsawon igiya. Wannan ba lafazin gida ba ne. Sannan lafazin da mutum ya tashi da shi ba ya barinsa da safe ya dawo masa da yamma. In yana nan, yana nan.

Na ci gaba, murmushin ya riga ya tafi. Wajen ƙarshe b ɗinsa ya fara komawa kamar m, d kamar n. Na ɗora musu 'yar lanƙwasar da muke sawa a kan harafi in sauti ya bi ta hanci, amma na san ba ta isa ba. Akwai wani abu a ƙarƙashin sautin, wani ɗan gurnani siriri, kamar minsharin jariri, yana fitowa duk lokacin da ya rufe leɓe zai saki iska. Na ɗaga kai na bi allon bango daga sama har ƙasa. Babu shi a sautukan Turanci. Na laluba harshenmu na gida, nan ma babu shi.

Littafin da muke koyarwa da shi yana da wani shafi a can ƙarshe, wanda kullum muke ce wa ɗalibai su tsallake don ba ya fitowa a jarrabawa. Alamomi ne na rubuta maganar waɗanda ciwo ya taɓa wa baki ko maƙogwaro. Ni kaina ban taɓa karanta shi ba. Na buɗe na bi da yatsa, sai ga shi: lanƙwasa biyu, ɗaya bisa ɗaya. An yi bayani a gefe cewa iska ce ke tserewa ta bayan hanci da gurnani, saboda naman da ke can ƙuryar baki, wanda aikinsa toshe hanyar hanci, ya kasa toshewa.

Na cire hedfon na ajiye. Tsoro na ji, irin wanda rabona da shi tun ranar da aka ce mu zo asibiti mu ga mahaifiyarmu.

Ranar hutu na je gidansu da la'asar. Tun daga ƙofa nake jin fensiri, ƙwas, ƙwas. Na same su a teburin cin abinci. Yaya na riƙe da 'yar siririyar takarda a gaban leɓensa. Tsohuwar dabara ce: in ka faɗi p na Turanci daidai, iskar za ta kaɗa takardar.

"Ga 'yar sa-ido ta zo," ya ce da ya gan ni. "Auta, an turo ki duba jarrabawa ne?"

"Na zo in ga ko za a kore ka ne, Yallaɓai, in karɓi aikin."

Ya yi dariya, amma gajeriya. Da can in na faɗi ɗaya sai ya mayar mini da goma.

"Malam, mu ci gaba," in ji Yaya. "Paper."

Ya faɗa, takardar ta ɗan motsa.

"Kuma."

Ya sake. Wannan karon ko gezau ba ta yi ba. Ina kallo Yaya ta matso da takardar kusa da leɓensa, a hankali. Ya sake faɗa, takardar ta girgiza, ta ce, "Yauwa, ka gani? Sakaci ne kawai." Can anjima ta sake matso da ita, har tana taɓa gashin bakinsa.

Da suka tsaya hutawa ya ɗauki kofin ruwa. Mutumin da na sani yana shanye kofi a tashi ɗaya, yau kurɓa yake yi kaɗan-kaɗan, ya sunkuyar da haɓa kafin ya haɗiye. Duk da haka sai da ya ƙware. Ya yi ta tari, ya juya mana baya ya goge hanci. Yaya ta tashi ta shiga kicin, na bi ta.

"Yaya, na gama rubutun."

"Ajiye mini a ofis."

"Ba lafazi ba ne."

Ta buɗe famfo tana ɗauraye kofin da ba a sha komai da shi ba.

"Ba ƙara wasali yake yi ba, zubar da baƙi yake yi. Da safe lafiya, da yamma babu. Kuma akwai wani sauti da sai a shafin baya na same shi."

"Likita kika zama yanzu?"

"Ban zama ba. Shi ya sa nake cewa a kai shi wurin likita ya ji abin da na ji."

"Jibi zai je." Ta kashe famfon. "Na tambayi wata tsohuwar ɗalibata da ke aiki a asibitin. Ba wani abu suke yi ba. Za su sa shi ya maimaita pa-ta-ka da sauri, ya karanta 'yan layuka, shi ke nan. Tun shekaranjiya muke kai. Na karɓa masa layin farko da sassafe, gobe kuma ba zai yi magana ba ko kaɗan, muryar ta huta."

"Yaya, asibiti ne fa, ba zauren jarrabawa ba. Don me za ki shirya shi ya ci?"

Ta juyo ta dube ni ta saman tabarau, kallon da tun ina 'yar firamare yake sa ni haɗiye magana.

"Kin san abin da zai zama in suka raba shi da makirufo? Kin taɓa ganinsa ranar da ba ya aiki? Ki bar ni in yi abin da na iya. Ke kuma ki iya bakinki."

Da zan tafi shi ya rako ni bakin ƙofa. Muna tafe yana tambayata motata da aka kai gyara, cikin harshenmu na gida. A nan ne na gane wani abu da ya ƙara tsorata ni. Mu a gidan nan Turanci kaɗai muke sa wa kunne. Maganar gida ma'anarta muke ji, ba sautinta ba. Da na sa kunnen aiki sai ga gurnanin nan a cikinta ita ma, zaune daram a kan kowane b.

"Yallaɓai," na ce, "in na bi ku jibi, zan faɗa wa likitan abin da na ji."

Ya tsaya, ya dafa ƙofar. Bai tambaye ni me na ji ba.

"Auta, ki bar ni in ci wannan." A hankali yake maganar, yana ajiye kowace kalma kafin ya ɗauki ta gaba. "Yayarki ƙuruciyarta ta ƙarar tana gina bakin nan. Kada ya rushe mata a gaban baƙo."

"In kuma abin da ake kamawa da wuri ne fa?"

"Ba ta sani ba. Ta ɗauka lalaci nake yi. Ki bar ta a haka tukuna, don Allah."

Na tafi gida ina jin haushinsu su duka biyun, ita da fensirinta, shi da kawaicinsa. Na kuma ji tausayinsu har idona ya kawo ruwa a cikin motar haya, mai kusa da ni ta yi ta satar kallona.

Ranar asibiti na bi su. Likitan matashi ne, layi kuma ya cika baranda tun kafin ya iso. Da ya ga sunan da ke kan katin sai ya washe baki, ya ce ai shi da muryar nan ya yi karatun sakandare. Mijin Yaya ya kwana ya wuni bai ce uffan ba, muryar ta fito sabuwa fil. Pa-ta-ka ta zubo kamar a faifai. Ya karanta layukan da aka ba shi, kowane tsinke a wurinsa, ina ganin yatsan Yaya yana bugawa a kan jakarta. Likita ya haska hancinsa da 'yar fitila, ya ce ɗan kumburi ne, ya rubuta maganin fesawa.

"Akwai wani abu kuma?" ya tambaya, ya riga ya jawo takardar zai sa hannu.

Na buɗe baki. Mijin Yaya ya juyo ya dube ni, Yaya kuma ta dubi bango. Likita ya sa hannu ya buga hatimi, ma'aikaciyar jinya ta leƙa waje ta kira na gaba.

Manaja bai ɓata lokaci ba, a ranar ya mayar da shi kan labaran yamma. Ranar kuma aka gabatar da kasafin kuɗi, labaran za su yi tsawo. Da rana kalmomi suka zo a waya kamar kullum, Yaya ta rubuta ta tura. Amma da aka tashi daga aiki ba ta ɗauki jaka ba. Ta zauna tana jera takardun da ta riga ta jera.

Na je ɗakin sauraro na haɗa rediyo da hedfon guda biyu, na ajiye farar takarda da fensiri a gurbin kusa da nawa, sannan na dawo na tsaya a kanta.

"Malama," na ce, ban ce Yaya ba, "zo ki rubuta abin da kunnenki ya ji."

Na ɗauka za ta zage ni. Sai ta tashi ta biyo ni kamar ɗaliba.

Kiɗan buɗe labarai ya wuce, ya yi sallama da muryarsa ta da. Fensirin Yaya ya kama gudu. Ban taɓa gajiya da kallon rubutunta ba, alamomin suna fitowa a tsaye kamar an buga da inji, tsinke na sauka kafin gaɓar ta gama fita. Kanun labarai suka wuce lafiya. Ta ɗan dube ni ta gefen ido, wato kin gani.

A labari na uku tsinken ya fara ɓacewa daga takardarta. Ba ta ɗora shi inda ya kamata ba don kara, ta bar wurin fayau. Sai baƙaƙe suka fara zubewa, tana barin gurbinsu. Numfashinsa ya fara shiga makirufo, yana yanka jimla a inda ba a yankawa. Ya zo kan budget, gurnanin nan ya fito fili, ko wanda bai taɓa shiga ajinmu ba zai ji shi.

Hannun Yaya bai yi jinkiri ba. Ta rubuta harafin, ta ɗora masa lanƙwasa biyu, ɗaya bisa ɗaya. Littafin yana can ofis a rufe. Ba ta tambaye ni ba, ba ta ɗaga kai ta dubi allo ba, kuma lanƙwasar ta fito sumul, irin ta hannun da ya saba.

Na bar sauraron rediyon na koma kallonta.

Ya zo wata doguwar kalma ya kama ta ya saki. Ya sake kamawa. Muka ji ya haɗiye yawu, sai tari, irin na ranar nan a teburin cin abinci, amma wannan ya ƙi tsayawa. Aka ji motsin kujera da muryar wani daga nesa. Sai kiɗa ya shigo a tsakiyar jimla.

Yaya ta ajiye fensirin a hankali, ta daidaita shi da gefen takarda. Wayarta ta fara ruri a cikin jaka.

"Yaya, yaushe kika koyi wannan alamar?"

Ta ɗauki wayar ta ce, "Ga ni nan zuwa," ta kashe. A bakin ƙofa ta tsaya ba ta juyo ba.

"Ki kwafe na yau. Na yamman. Ki taho da shi gobe."

Washegari ba ta bar shi ya huta ba. Tun da safe ta ba shi jarida ta ce ya karanta da ƙarfi, ya gama ta ba shi wata. Babu fensiri, babu takarda a gaban leɓe. Ya yi ta kallonta yana jiran gyara, gyara bai zo ba. Sai da rana ta yi sanyi, muryar ta gama gajiya, sannan muka kai shi wurin babban likitan jijiyoyi, wanda tsohuwar ɗalibar nan ta roƙa ya gan mu a ƙarshen layi.

Dattijo ne marar yawan magana, kuma da alama ba ya jin rediyo. Ya saurari abin da na kwafo har ƙarshe, sannan ya miƙa wa mijin Yaya wata takarda ya ce ya karanta. Ina gani mijin Yaya ya gyara zama, ya ɗaga kafaɗa, ya ja numfashi irin na gaban makirufo. Idonsa ya tafi kan hannun Yaya yana neman bugun da zai bi.

Ta ɗora hannun a kan nasa.

"Malam, kada ka gyara. Bar ta ta fito yadda take."

Ya daɗe yana kallonta. Tun da suka haɗu bai taɓa jin wannan daga bakinta ba, ina jin bai ma san yadda ake yi ba. Ya fara karantawa, maganar ta fito a narke, rabinta ta hanci. Yaya ba ta runtse ido ba, amma hawaye na bin gefen tabaranta.

Likita ya ce ya buɗe baki ya bar harshen a kwance. Ya haska, ya daɗe yana dubawa. Daga inda nake zaune ina hango harshen yana 'yar rawa shi kaɗai, ba mai shi ne ke motsa shi ba. Likita ya koma kujerarsa ya ɗauki biro.

"Irin wannan, lokacin da ya fara yana da muhimmanci ƙwarai," ya ce. "Tun yaushe?"

"Kwa... kwanan nan ne," in ji mijin Yaya. "Bai fi..."

"Tun bara," in ji Yaya.

Mijin ya juyo gaba ɗaya ya dube ta, bakinsa a buɗe. Ita kuma likitan take kallo.

"Tun farkon bara, likita. A kan b ya fara, a labaran yamma."

Likita ya ajiye biron bai rubuta komai ba. Ya tashi ya rufe ƙofar da ke buɗe tun shigowarmu, sannan ya jawo kujerarsa ya dawo kusa da mu ya zauna.